Na Ƙara Ƙarfe, Ƙarfi Ya Ragu

Ranar da na fara sakin gudumar, sandar da na fi alfahari da ita ce ta fara ba ni kunya. Baƙa ce wuluk, mai nauyi a hannu, rabin nauyinta garin baƙin ƙarfe ne. Na gitta ta a kan matokarai biyu na na'urar, na ja baya, na saki. Ƙaras! Gutsattsarin suka watse, gudumar ta wuce abinta ta haura sama kamar ba ta gamu da komai a hanya ba. Na leƙa allurar ma'auni, na goge ido na sake leƙawa. Sandar ifoksi zalla, wato wata irin roba mai tauri, da na karya minti 5 kafin nan, wadda ba ta da ko ƙwayar ƙarfe ɗaya, ta fi wannan shan bugu nesa ba kusa ba.

Dattijon da ke kula da ɗakin gwaje-gwajen, wanda duk muke kira Baba, yana zaune yana kallona. Na ce, "Baba, anya na'urar nan lafiya take?"

Ya ce, "Lafiyarta ƙalau, yaro. Kai dai duba abin da ka ba ta."

Aikin da Malam ya ba ni ba shi da dogon bayani: in haɗa ifoksi da garin ƙarfe kashi-kashi, in gano yadda gamin yake jure bugu na farat ɗaya. Ifoksi dai ruwa biyu ne, in ka gauraya su sai su daskare su zama roba mai tauri da ba ta sake narkewa. Ba don ado ake zuba masa ƙarfe ba. Shi kaɗai rago ne wajen watsa zafi, alminiyam ya fi shi sama da sau 1,000, shi ya sa masu yin mazubi suke cakuɗa su. Garin baƙin ƙarfe kuma yana sa roba ta amsa kiran maganaɗisu, yana rage ƙanƙancewar da take yi yayin daskarewa, yana hana ta saurin lanƙwasa. Duk wannan an daɗe da sani. Abin da Malam yake so shi ne, in abin da aka ƙera ya suɓuce ya faɗi a kan siminti, ko wani ƙarfe ya make shi, me zai faru?

Ni kam tun kafin in taɓa sikeli na yanke hukunci. Ƙarfe da ƙarfi, harafi ɗaya ne ya raba su, kuma a kaina haka abin yake: ƙara wannan, wancan ya ƙaru. Har zanen sakamako na yi a bayan littafina, layi yana ta hawa. Ƙaramin sani ƙuƙumi.

Na'urar ta Charpy ce, sunan Bafaranshen nan Georges Charpy da ya gabatar da tsarinsa a 1901. Babu wani siddabaru a cikinta. Guduma ce mai lilo. A ɗaga ta zuwa wani tsayi sananne, a saki, ta sauko ta karya sandar da aka gitta mata, ta haura ɗaya ɓangaren. Da ba ta tarar da komai ba, da ta kusa komawa tsayin da ta taso. To giɓin da ke tsakanin tsayin farko da na biyu, shi ake ɗauka a matsayin ƙarfin da sandar ta shanye kafin ta rabu biyu. Ƙa'idar ISO 179 muka bi: sanda mai tsawon milimita 80, faɗi 10, kauri 4, tazarar matokarai milimita 62, sanduna 10 a kowane rukuni, ɗaki a digiri 23 da laima kashi 50 cikin 100. Ƙaramar guduma tana isa ga sandar da gudun mita 2.9 a daƙiƙa. In an gama sai a raba abin da aka samu da faɗin wurin da ya karye, amsa ta fito a kilojul (jul 1,000 ke nan, jul kuwa ma'aunin ƙarfin da aka shanye ne) bisa kowace murabba'in mita.

Wannan gudun shi ya bambanta gwajin da sauran. A gwajin ja, ana iya jan samfur milimita 5 a minti guda, kana tsaye har ka gaji. Gudumar ta ninka haka kusan sau 35,000. Roba kuwa dogayen sarƙoƙi ne na sinadari a cukurkuɗe. In ka ja ta a hankali, sarƙoƙin suna samun sararin motsawa su rarraba nauyin a tsakaninsu. In ka maka mata bugu, kafin su motsa an gama. Shi ya sa robar da take miƙewa a wancan gwajin take iya fashewa kamar gilashi a wannan. Ifoksi ma dama sarƙoƙinsa a ɗaure suke da juna ta ko'ina, gautsi halinsa ne tun asali.

Kuskurena na farko a kan takarda na yi shi. Akwai abokiyar karatuna da take irin aikina amma da garin alminiyam. Wata rana muka ajiye kofunanmu kusa da juna, kowa ya rubuta kashi 50 a jikin nasa. Nawa yana zuba kamar man inji, nata ko an kifa kofin da ƙyar yake motsi. Muka kai wa Malam maganar. Bai ce komai ba, ya miƙo mini alli. Santimita kubik ɗaya na baƙin ƙarfe giram 7.87 ne, na alminiyam 2.70, ifoksinmu wajen 1.15. Da na buga lissafin a allo, sai ga shi kashi 50 na nauyi a wurina bai kai kashi 13 na sararin da haɗin ya cike ba, a wurinta kuwa ya kusa kashi 30. Ashe abubuwa biyu daban muke kwatantawa, muna kiransu da suna ɗaya.

Malam ya ce, "Tsaga ba ta san sikeli ba. In tana tafiya a cikin abu, yawan ƙwayoyin da ke gabanta da tazarar da ke tsakaninsu kawai take gani."

Na ce, "To ranka ya daɗe, sandunan da na riga na zuba fa?"

Ya ce, "Ka ajiye su. Za su yi maka amfani wajen koyon yanka."

Na sake tsarin bisa kason wuri: 0, 5, 10, 20 da 30 cikin 100.

Zubi na biyu ya fito sumul a ido, amma sakamakonsa ya tarwatse. A rukuni ɗaya, sanduna 10 daga kofi ɗaya, wata ta ninka wata. Na yi kwana biyu ina zargin gudumar, ina zargin matokarai, ina zargin hannuna. Baba ya ɗauki sanduna uku ya kwantar da su a kan farantin gilashi, ya ce in durƙusa in duba ta gefe. Duk sun ɗan yi baka. Ya kama ɗaya ya goge bakinta da takardar yashi ya riƙa mini a gaban fitila. Gefe ɗaya baƙi ƙirin, ɗaya gefen har haske yana ratsa shi. Ƙarfen ya kwanta.

Ramukan mazubina a tsaye suke, zurfinsu milimita 10, garin kuma mai manyan ƙwayoyi ne, wajen maikiromita 100, wato kashi ɗaya cikin goma na milimita. Da daddare na zauna da dokar Stokes, wadda George Stokes ya fitar tun 1851, na sa alƙaluma. In kaurin ifoksin ya ninka na ruwa sau 1,000, ƙwayar ƙarfe mai wannan girman tana nutsewa kusan milimita 2 a minti. Ke nan cikin minti 5 ta isa ƙasa, alhali ifoksin sai ya yi sa'o'i kafin ya kama. In ƙwayoyin sun yi yawa suna ɗan tare wa juna hanya, tafiyar ta ragu, amma dai ƙasan za su. Gefen da ya rasa ƙarfe ya fi ƙanƙancewa, shi ya jawo bakan. Sannan a na'ura, in na juya gefen ƙarfen yana fuskantar guduma in sami amsa ɗaya, in na juya shi baya, inda sandar ke buɗewa, in sami wata. Ni kuwa yadda sanda ta zo hannuna haka nake ɗora ta.

Dokar da ta nuna cutar ita ta nuna maganin. Gudun nutsewa yana bin girman ƙwaya ne sau kansa: ka rage girman sau 20, gudun ya ragu sau 400. Na koma ga garin ƙarfen kabonil, wanda kamfanin BASF ya fara yi a 1925, ƙwayoyinsa mulmulallu, kowace 'yan maikiromita kaɗan. Ƙwaya mai maikiromita 5 sai ta yi sa'a guda ba ta nutse rabin milimita ba. Na yi murna.

An gudu ba a tsira ba. Gari mai laushi haka, fatar da ifoksi zai jiƙa ta ninku sau 20 a nauyi ɗaya. Ƙwayoyin suna manne wa juna su yi curi-curi, cikin kowane curi kuma busasshe ne, iska ce a ciki. A kashi 30 haɗin ya yi kauri har sandar juyawa tana tsayawa da kanta a tsakiyar kofi, duk juyi ɗaya kuma iska nake turawa ciki. Sai dabara ta zo mini: in ɗumama haɗin ya saki. Na ɗumama shi bayan na riga na zuba ruwan daskarwa, kuma na haɗa mai yawa a kofi ɗaya. Daskarewar ifoksi da kanta zafi take fitarwa, zafin kuma yana ƙara mata sauri. Ina cikin gyara mazubi na ji kofin yana ƙona mini hannu ta cikin safa. Kafin in kai shi waje ya zama dutse, da sandar juyawar a tsaye a ciki. Baba ya ajiye shi a kan kanta, ya ce kowace shekara sai ya sami irinsa, nawa ne dai ya fi kyan gani.

Tsarin da ya yi mini aiki daga baya, a hankali na tsinto shi. Ina busar da garin a tanderun lantarki don ya rabu da laima, in tankaɗe shi. In ɗumama ifoksin shi kaɗai, ba ruwan daskarwa, in riƙa barbaɗa garin kaɗan-kaɗan ina murje curin a jikin kofi. Daga nan sai tukunyar zuƙe iska. Duk wanda bai taɓa gani ba zai sha mamakin yawan iskar da ke cikin abin da yake ganin ya gauraya sarai: haɗin yana kumbura ya taso kamar zai zube, sai ka ɗan saki iska ya koma, ka sake ja, har ya daina. Sai ya huce kafin in sa ruwan daskarwa, in juya a hankali, in sake zuƙa na ɗan lokaci, in zuba siririn zare daga ƙarshe ɗaya na ramin don ya kori iskar gabansa. Washegari in gasa sandunan a tanderu su ƙarasa daskarewa, duk rukunai lokaci ɗaya da zafi ɗaya, don ifoksin da bai ƙarasa nuna ba halinsa daban ne.

Ido ba mudu ba ne, kuma a nan ko ƙima bai sani ba, don sandar da ke cike da kumfa da wadda ba ta da shi duk baƙaƙe ne. Sai na koma ga tsohuwar dabarar Arkimidis: a auna sanda a iska, a auna ta a cikin ruwa, a fitar da nauyin kowane santimita kubik. Gamin da ke da kashi 20 na ƙarfe, a lissafi ya kamata ya ba da giram 2.49. In ka auna ka ga 2.37, to kashi 5 cikin 100 na sandarka iska ce. Na ɗauko ragowar zubi na biyu na auna su don in ga, abin da na gani ya sa na gane cewa makonnin farko kumfana nake gwadawa, ina rubuta sunan ƙarfe a kai. Daga ranar duk sandar da za ta hau na'ura sai ta bi ta sikeli.

Bari in ɗan ratse, don akwai abin da Baba ba ya wasa da shi. Garin ƙarfe mai laushi in ya tashi a iska yana iya kamawa da wuta, na alminiyam ya fi muni, kuma ba a kashe wutarsa da ruwa. Ranar da ya ga abokiyar karatuna ta ɗauko burushi za ta kaɗe tebur, tsawar da ya daka sai da kowa ya miƙe. Takunkumi da safar hannu dole ne. Ruwan daskarwa ma in ya saba taɓa fata, wata rana jiki sai ya ƙi shi gaba ɗaya.

Saura yanka. Kowane rukuni na raba shi biyu: masu yanka da marasa yanka. Yankan ɗan rami ne mai siffar V a tsakiyar sandar, zurfin milimita 2, buɗewar digiri 45, ƙasansa kuma ba tsini ba ne, lanƙwasa ce mai milimita 0.25. Wannan 'yar lanƙwasar ita ce komai, don iya tsininta iya yadda nauyi ke taruwa a wurin. An yi wuƙar na'urar yankan ne don roba, ni kuma ina ba ta ƙarfe tana ci. Bayan sanduna masu yawa na duba ƙasan yankan a maikiroskof na ga ya fara faɗi. Da na bi rukunan a jere daga 0 zuwa 30, da masu ƙarfe da yawa sun sami yanka mafi dakushewa, su fito da sakamako mai kyau da ba nasu ba. Baba ya canja wuƙar, ni kuma na cakuɗa sandunan na riƙa yanka su ba bisa jeri ba.

Ranar gwaji na uku na fara da sakin gudumar ba komai a gabanta, don in san abin da iska da gogayyar maƙalinta suke ci. Na zaɓi guduma ƙarama, domin ƙa'idar tana so abin da sanda za ta shanye ya faɗa tsakanin kashi 10 da 80 na ƙarfin gudumar. Sanduna 100, daga safe har la'asar. A karon farko alƙaluman kowane rukuni suka tsaya kusa da juna.

Sai dai amsa biyu suka ba ni, kowace ta kama gabanta. Marasa yanka, iya ƙarfen da na ƙara iya raguwar juriyarsu, faɗuwar ma tun a kashi 5 ta fi tsanani. Masu yanka kuwa sama suka yi, a hankali.

Na daɗe kafin wannan ya zauna mini, kuma a ganina nan ne zuciyar aikin. Sanda marar yanka, kafin ta karye sai tsaga ta sami wurin farawa. A. A. Griffith ya nuna a 1921, da gilashi, cewa abu mai gautsi daga mafi girman aibin da ke jikinsa yake karyewa, kuma iya girman aibin iya raguwar nauyin da zai ɗauka. Ifoksi zalla da aka zuba da kyau ba shi da aibi sosai, sai ya lanƙwashe ya tara ƙarfi mai yawa kafin ya fashe, in ya fashe kuma warwatsewa yake yi. Da ka zuba gari, ka shuka masa wuraren farawa ba iyaka: kowace ƙwayar da ba ta manne ba, kowane curi, kowane kumfan da ya tsere wa tukunya. Ko ramin da yake mulmulalle sarai yana ninka nauyin da ke gefensa kusan sau 2. Ga shi kuma gamin ya ƙara tauri, ba ya lanƙwasa sosai kafin lokacinsa ya yi. Ƙarfin da ƙarfe yake da shi a matsayin dunƙule bai shigo lissafin ba sam, domin tsagar ba ta ratsa ƙwayar, kewaye ta take yi ta bi ta cikin roba.

Sanda mai yanka kuwa an riga an ba ta aibin da ya fi duk na cikinta girma. Tambayar ta koma: in tsaga ta kama hanya, wace wahala za ta sha? A ifoksi zalla hanyar a share take. A cikin gami kuwa bakin tsagar yana cin karo da ƙwayoyi, ya maƙale a jikinsu, ya yi baka a tsakaninsu kafin ya ƙwace. F. F. Lange ya bayyana wannan a 1970. Tana kuma karkacewa sama da ƙasa, tana ɓamɓare ƙwayoyi daga gurbinsu, kowane ɗaya da abin da yake ci. Ko da hannu ana jin bambancin: karayar ifoksi zalla santsi gare ta kamar madubi, ta gamin kuwa kaushi.

A maikiroskof na ga abin da ya fi ba ni haushi da sha'awa lokaci guda. Fuskar karayar cike take da ramuka mulmulallu, a ɗaya ɓarin kuma ƙwayoyin ƙarfe ne tsirara, tas, ko ɗigon roba babu a jikinsu. Zama kawai suka yi a ciki. Abin da ke riƙe da su bai wuce matsi ba: bayan gashi, ifoksi yana ƙanƙancewa kusan sau 5 fiye da baƙin ƙarfe in suna hucewa, sai ya damƙe ƙwayar. Damƙa kuwa ba manni ba ce. Malam ya ce in wanke garin da silen, wani sinadari mai hannu biyu, ɗaya ya kama fatar ƙarfe, ɗaya ya shiga cikin sarƙar ifoksi. Na jiƙa garin a ruwan silen kaɗan da aka tsarma da itanol, na busar, na sake zubi a kashi 10 da 20. Marasa yanka suka farfaɗo, ko da yake ba su kamo ifoksi zalla ba. A karayar kuma ƙwayoyin suka fito da roba a manne a jikinsu. Masu yanka ba su ƙaru da komai ba, kamar ma sun ɗan ja baya, wanda bai saɓa wa hankali ba tunda ɓamɓarewar da ke cin ƙarfin tsaga ita na je na toshe.

Duk da haka hawan masu yanka ya faranta mini rai. Ko ba komai layin da na zana a bayan littafina ya sami inda ya yi gaskiya. Na rubuta babin, na kai wa Malam. Ya karanta, ya dawo shafin zanen, ya daɗe a kai.

Ya ce, "Nawa ne nauyin sandar ifoksi zalla?"

Na ce, "Giram 3.7, Malam."

"Mai kashi 30 fa?"

"Ta ɗan haura giram 10."

"In sun karye, ina ɓarin suke zuwa?"

Na ce suna tashi su bugi ragar kariya.

Ya ce, "Wa ya biya kuɗin jifan?"

Jikina ya yi sanyi. Gudumar ba ta san bambancin ƙarfin da ya tafi wajen karya sanda da wanda ya tafi wajen wurgi da ɓarinta ba, duk ragi ɗaya take nunawa. A nan ofishin na yi lissafi na gaggawa: in aka ɗauka ɓarin sun tashi da gudun gudumar, mita 2.9 a daƙiƙa, jifan giram 3.7 zai ci wajen jul 0.016, na giram 10 kuma wajen 0.042. In an raba da wurin karaya, milimita 8 sau 4, na farko kusan rabin kilojul ne a murabba'in mita, na biyu wajen 1.3. Ƙiyasi ne kawai, don ɓarin juyawa suke yi, ba duk sassansu ke tafiya da gudu ɗaya ba. A robar da ke shan bugu da yawa wannan ba abin kulawa ba ne. A abu mai gautsi irin nawa, wanda duk abin da yake shanyewa da yanka 'yan kilojul ne, babban kaso ne. Ashe ma masu ƙa'idar ASTM D256, ta gwajin Izod, wani gwajin bugu ɗan'uwan na Charpy, sun tanadi hanya ta musamman don cire wannan jifan in abu bai kai jul 27 a mita ba: a mayar da ɓarin da ya karye wurinsa, a sake bugunsa, a ga abin da jifan kaɗai ya ci.

Na koma wurin Baba muka yi kwatankwacin haka. Muka riƙa haɗa ɓari biyu na sandar da ta karye da ɗan siririn salatif, iya abin da zai hana su faɗuwa daga matokarai, mu saki guduma. Dabarar ba ta cikin ISO 179, kuma haka na rubuta a rahoton, na sa alƙaluman ƙa'ida a gefe ɗaya, waɗanda na cire wa jifa a ɗaya gefen. Da aka cire, hawan bai ɓace duka ba, amma ya sauko ƙwarai. A kashi 10 da 20 akwai 'yar riba da zan iya tsayawa a kanta. A kashi 30, abin da na yi ta murna a kai yawancinsa nauyi ne. Abokiyar karatuna ta yi nata gwajin, gyaran da ya shafe ta bai kai nawa ba, tunda sandunanta na alminiyam ba su kai nawa nauyi ba. Ta yi mini dariya son ranta.

Babin da na sake rubutawa ya fi na farko gajarta. Na ce wanda zai ƙera abu mai santsin jiki, marar kusurwa, ya sa garin ƙarfe don zafi ko maganaɗisu, ya sani ya sayar da wani kaso na juriyar bugu, silen da tukunyar zuƙe iska za su dawo masa da wani abu daga ciki. Wanda kuma abinsa dama yana da rami ko kusurwa mai kaifi, garin ba zai cuce shi sosai ba, yana iya ma ɗan taimaka masa a matsakaicin kashi. Na ƙara da cewa duk wannan a digiri 23 ne kuma a ifoksi ne. Robar da ke da miƙewa tun asali, irin su folifirofilin, asararta takan fi haka in aka cika ta da gari, don tana da abin da za ta rasa. Malam ya ja layi a ƙarƙashin digiri 23, ya rubuta a gefe cewa in an dawo hutu za mu sa sanduna a firiza.

Da yamma Baba ya ce in kwashe tarkacen da ke bayan na'ura kafin in tafi. Na nufi tsintsiya, ya ce in bari, ya miƙo mini maganaɗisu a cikin leda. Na bi ƙasa da shi, gutsattsarina suna ta tsalle suna mannewa, ƙyas, ƙyas. Na abokiyar karatuna ko motsi ba su yi ba. Na kai mata tsintsiyar.